A Berlin ana biyan kuɗin shawara, a Kano sai abin da ido ya gani

Matasan da ke turo mini saƙo daga gida kusan tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, me ake yayi a can? React zan koya ko Flutter?" React da Flutter kayan aikin haɗa manhaja ne. Suna zaton akwai wasu kayan aiki na musamman da mu masu rubuta manhaja muke ɓoyewa a Jamus. Babu. Abin da nake buɗewa da safe a Berlin shi ne abin da yaron da ke zaune a Zoo Road yake buɗewa. VS Code, inda ake rubuta manhajar, kyauta ne. Git, mai adana tarihin duk canjin da ka yi wa aikinka, kyauta ne. GitHub ma, shafin da ake ajiye irin wannan aikin a intanet, ba ya karɓar ko sisi kafin ka ajiye aikinka. Bambancin yana wajen kwastoma, da kuma abin da ya yarda ya cancanci a biya.

A nan, idan kamfani ya kira ni mu zauna a kan matsalarsa, zaman kansa aiki ne. Ana lissafa sa'o'in, in rubuta takardar neman biya, in ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari, in tura. Doka ta ce idan kwana 30 suka wuce kamfani bai biya ba, ruwa ya fara hawa kan bashin. Akwai aikin da duk abin da na yi shi ne na ce musu kada su gina manhajar da suke shirin ginawa, wadda ake sayarwa a kasuwa ta ishe su. Suka biya, har da godiya.

To je ka gwada haka a Kantin Kwari. Za ka wuni a shagon Alhaji, a kawo lemo, ka duba littattafan da yaransa ke rubuta shigar kaya da fitarsu, ka nuna masa ta inda kuɗi ke zurarewa. Ya ce, "Allah ya yi albarka, za mu neme ka." Bayan wata guda ka ji ɗan ƙanwarsa ne ke haɗa abin, da shawararka. Kuma ba mugunta ba ce. A ganinsa hira kuka yi, hira kuwa ba a sayar da ita. In kuma ka samu aikin, bayaninsa zai riƙa zuwa ta saƙon murya a WhatsApp da tsakar dare: "Injiniya, ɗan ƙara mini wajen da zan riƙa ganin masu bashi." Wannan "ɗan ƙara" ɗin aikin mako biyu ne.

Sai dai kada wani ya ce ina yabon Turawa ne kawai. Bajamushe zai iya shafe wata biyu yana taro a kan launin maɓalli, kowane motsi sai an buɗe masa tikiti a Jira, manhajar bin diddigin ayyuka, sai jami'in kare bayanai ya sa hannu, domin tun 2018 dokar Tarayyar Turai kan kare bayanan mutane ta tsananta. Har yau akwai ofisoshin da ke aika takardu da na'urar fax. Alhaji kuwa in ya gamsu, kafin ka ɗaura takalmi alat ya shigo. Najeriya na da tura kuɗi nan take tsakanin bankuna tun 2011, alhali sai a 2025 aka wajabta wa bankunan ƙasashen yuro irin wannan.

Ta fuskar fasaha ma, aikin gida ya fi wuya, kuma ya fi koyarwa. Manhajar da nake rubuta wa kamfanin Jamus tana zaune ne bisa zaton wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa. Ta Kwari dole ta yi aiki a ƙaramar wayar Itel ko Tecno da hotunan biki suka cika, a cikin layin da sabis ke zuwa yana tafiya. Dole ka ajiye komai a cikin wayar, a SQLite, wato ƙaramin rumbun adana bayanai, sai sabis ya dawo ta aika. Nan ake sanin gwani. Yaron shago na ɗaya ya sayar da bandir ɗin shadda na ƙarshe, na shago na biyu ma ya sayar da shi a minti ɗaya, duk ba sabis. Da sabis ya dawo, bayanan wayoyin biyu suka haɗu, cinikin wa za a ɗauka? Babu React ko Flutter da zai amsa maka wannan. Sai ka koma ka tambayi mai dukiya yadda yake raba irin wannan gardama tun kafin zuwan waya.

Ga kuma dala. Kuɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe manhajar a intanet, da na sunan shafi da dala ake biya, kwangila kuwa da naira. Kafin Yuni 2023 farashin dala ɗaya a wajen gwamnati yana wajen naira 460, a farkon 2024 ya haura 1,500. Wanda ya yi alkawarin riƙe wa kwastoma saba na shekara a tsohon farashi, daga aljihunsa ya cika.

Ra'ayina shi ne kada mu kwaso kwangilar Jamus mai shafi ashirin mu kai kasuwa. Ɗan kasuwar da ke ba da kayan miliyoyi a kan amana zai ɗauke ta rashin yarda. Abin da ke aiki ya fi haka sauƙi. Da an tashi daga zama, ka rubuta masa a WhatsApp: "Alhaji, ga abin da na fahimta, ga abin da ba ya ciki, ga kuɗin." Ka jira ya amsa "haka ne". Ka karɓi rabi a matsayin kafin alƙalami. Saba da sunan shafi su kasance da sunansa, da katinsa. Shawarar kuma ka mayar da ita abin riƙewa a hannu: shafi biyu da aka buga, ɗauke da lissafin inda kaya ke ɓacewa a shagunansa, da farashinsu daban. Na ga Alhajin da ya ƙi biyan kuɗin wuni guda na zama, amma ya biya kuɗin takardar ba tare da neman ragi ba, ya kuma sa aka yi wa kowane yaron shago kwafi.