Yanzu har wasan yara sai da rasit?

Jiya na ɗora hoton filin ƙwallon unguwarmu. Filin nan na bayan firamare, inda muka ƙare ƙuruciyarmu muna cin ƙasa, an zagaye shi da waya, an shimfiɗa ciyawar roba, an kafa allo wai akademin ƙwallo. To madalla. Ci gaba ya iso unguwarmu, irin na mai haƙan rijiya.

Ba wayar ce ta ƙona min rai ba. Da la'asar na ga yara sun kai goma a waje, sun saƙala yatsu a jikin waya suna leƙen sa'o'insu da ke ciki. Ɗaya na rungume da ƙwallon roba duk faci. Maigadi ya ɗaga sanda ya kore su kamar kaji. Cikinsu har da ɗan ƙanwata, wanda ya same ni bayan isha'i ya ce: "Kawu, wai fom N5,000 ne, sai N15,000 duk wata, kuma sai da but da jesi." Yaro ɗan shekara 9 yana kawo min lissafin kuɗin wasa kamar na makaranta!

Mu wa ya sayar mana da fom? Silifa biyu nan, biyu can, an gama kafa raga. Biyar canjin gida, goma tashi. Bugun kwana uku, fenariti. Mai ƙiba shi ne gola ko yana so ko ba ya so, mai ƙwallo kuwa ba a cire shi ko da iska yake shuri. Kiran sallar magariba shi ne usur ɗin tashi. Kuma babu babba ko ɗaya a wurin. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa mutane suka ƙi ganewa: babu babba.

In ƙwallo ta bi ta saman silifa, nan ake yin ta. "Ta shiga!" "Wallahi sama ta yi!" A yi rantsuwa, a yi cacar baki, mai ƙwallo ya yi fushi ya ɗauki abarsa zai tafi gida. Sai a tura wanda suka fi shiri ya bi shi da lallashi, a yarda a ba su fenariti, wasa ya ci gaba. Minti biyar an manta. Mu muka kafa doka, mu muka karya ta, mu muka yi shari'a, mu muka sasanta, saboda kowa ya san in aka watse shi ma ya yi asara. Wane koci ne zai koya wa yaro wannan? Shi na cikin waya, da an taɓa shi sai ya juya yana kallon mai usur. An raba masa ƙungiya, an ce masa ga inda zai tsaya, an gaya masa lokacin shan ruwa. Uban na gefe cikin mota yana ɗaukar bidiyo.

Kuma ba ƙwallo kaɗai ba ce. Langa fa? Ka kama yatsan ƙafarka ta baya, ka yi ta tsalle da ƙafa ɗaya, kuna kare ruwanku, wato wanda kuka zaɓa a cikinku, har ya kai gida, wanda ya saki ƙafa ya mutu. Dara, rami 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. 'Yan mata na gefe suna carafke da 'yar gala-gala, in farin wata ya fito a tafi dandali gaɗa. Motar kara da kanmu muke ƙera ta, har da tayoyi. Sisin kwabo ba a kashe ba, kuma ɗan mai kuɗi da ɗan mai faskare kafaɗa ɗaya suke gogawa. A langa ba a tambayar waye ubanka, turo ka kawai za a yi ka sha ƙasa.

Na san me za ku rubuto a ƙasa. "Ai zamani ya canza." "Ai akwai matsalar tsaro." "Ai a irin wuraren nan ake samun ƙwararru." Na ji. Ni ma uba ne, na san fargabar shaye-shaye da 'yan daba da masu babura. Amma don Allah kar a raina mana hankali, wanda ya kafa wayar nan ba don tsaron 'ya'yanku ya kafa ta ba. In don tsaro ne, me ya sa yaran da aka kora suka koma buga ƙwallo a bakin titi?

Batun ƙwararru kuwa, bari in yi dariya. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17 tun 1985 a Sin, ta sake ɗauka a 1993 da 2007 da 2013 da 2015. A kan wace ciyawar roba 'yan 1985 suka taso? Okocha a titunan Inugu ya koyi yanka. Osimhen tallar ruwan leda ya yi a titunan Legas kafin ya je Chile a 2015 ya zura ƙwallo 10. Da a unguwarmu yake yau, yana cikin waɗanda maigadi ya ɗaga wa sanda. Ba na faɗa da koci, yaron da ya nuna baiwa a kai shi a goge shi. Amma sai ya yi wasa tukuna za a ga baiwar, kuma wurin wasan ne kuka ƙulle da kwaɗo.

Mun sayar da filaye, mun cika ko'ina da shaguna, ko inda akuya za ta kwanta ba mu bari ba, sannan mu zo Facebook muna kukan yaran yanzu ba su san komai ba sai danna waya. Ina kuke so su je? Langa ma yanzu a gasar wasanni ta ƙasa ake ganin ta, da jesi da alƙali. Saura kaɗan wani ya buɗe akademin langa, ya ce a kawo hoto biyu da takardar haihuwa.

Ɗan ƙanwata dai ban ba shi kuɗin fom ba. Ƙwallo na saya masa, na ce ya tara abokansa su nemi lungu. Ya tambaye ni wa zai yi musu alƙalanci. Na rasa abin da zan ce masa, wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Wai ni 'yan unguwarmu na da, wa ya tuna tsohon nan mai gida a kusurwar fili, wanda in ƙwallo ta faɗa gidansa sai ya fito da ita ya sa wuƙa a gabanmu? Allah ya jiƙansa da rahama, na yafe masa, amma har yau ina bin sa ƙwallo uku. Ɗaya ma sabuwa ce fil, da kuɗin barka da sallata na saya.