Kakar Lions ta ƙarato, amma dillalai sun tsaya tsakaninmu da wasan

Tun 2006 nake goyon bayan Detroit Lions a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, tun zamanin da mutum zai sa rigar ƙungiyar ya shiga masana'anta abokan aiki su riƙa yi masa jaje. Ina cikin birnin a 2008, lokacin da muka cinye wasannin share fage huɗu cif, gari ya ɗauka da murna, sannan aka shiga kaka muka buga wasa 16 ba mu ci ko ɗaya ba. Wanda ya haɗiye wannan baƙin ciki bai sauya sheƙa ba, ba ya bukatar a koya masa haƙuri. Amma abin da dillalan tikiti da masu sayar da kallon talabijin suka yi mini a watan Agustan nan na 2025 ya kai ni bango, kuma ba zan yi shiru ba.

Aiki ya mayar da ni Columbus ta jihar Ohio, tafiyar sama da awa uku a mota daga Detroit. Ɗana mai shekara goma sha ɗaya bai taɓa shiga Ford Field, filin wasan Lions da ke Detroit, ba, tikitin wasannin kaka kuwa ya fi ƙarfin aljihuna tun da ƙungiyar ta farfaɗo, don haka na yi masa alkawarin wasan share fage. Na shiga manhajar wani kamfani mai dillancin tikiti, na zaɓi kujeru biyu a can sama, na ga farashin da zan iya. Sai da na kai shafin biya aka ɗora kuɗin hidima, aka ɗora kuɗin aikowa, alhali ba takarda za a aiko ba, 'yar alama ce kawai a fuskar waya. Na biya saboda na riga na faɗa wa yaro, kuma alkawari kaya ne.

Mun yi sallar asuba muka kama hanya. Da muka isa ƙofa mai duba tikiti ya haska wayata sau uku, sau uku na'urarsa tana nuna ja. Ya ce wani ya riga ya shiga da waɗannan kujeru. Na ja gefe na kira kamfanin, na'ura tana ta maimaita mini cewa kirana yana da muhimmanci, rana tana dukanmu, ihun 'yan kallo yana fitowa daga ciki. Ɗana ya riƙe gefen rigata ya ce, "Baba, ko mun yi kuskuren rana ne?" Bayan minti arba'in wata mata ta ɗauka, ta ce za a bincika, a mayar mini da kuɗina cikin kwanaki goma na aiki. Na ce mata, "Baiwar Allah, man da na ƙona da ranar aikin da na bari fa, wa zai biya?" Ta ce wannan ba ya cikin ƙa'idarsu. Dole na sayi wani tikitin a tsaye, muka shiga ana dab da tafiya hutun rabin lokaci. Har yau kuɗin bai dawo ba.

Duk wannan wahala a kan wasan da ba a lissafa sakamakonsa ne. Ba na zargin koci Dan Campbell da ya ajiye Jared Goff da Amon-Ra St. Brown da Jahmyr Gibbs a gefe, domin duk wanda ya ga yadda aka fitar da ɗan wasanmu Morice Norris da motar asibiti a wasan Atlanta, har aka tashi wasan bai ƙare ba, ya san babu hankali a jefa manyan 'yan wasa cikin haɗari a watan Agusta. Wasan share fage na yara ne masu neman gurbi, ana shiga sansani da mutum 90 a zaftare su zuwa 53. Kowa ya san haka, dillalan ma sun sani, amma hotunan taurari suke mannawa a tallarsu suna tatsar iyaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bana ce shekarar da nake son in ga kowane wasa da idona. Rabon Detroit da kofi tun 1957, kuma ba ta taɓa zuwa Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, ba. A Janairun 2024, a wasan neman gurbin Super Bowl, muna gaban San Francisco da 24 da 7 a rabin lokaci, aka tashi 34 da 31 mu ne a ƙasa. A kakar 2024 muka ci wasa 15 cikin 17, sai Washington ta zo har gida ta fitar da mu da 45 da 31, a lokacin da rauni ya riga ya cinye mana masu tsaron baya. Yanzu Ben Johnson, wanda ya tsara mana kai hari, ya zama kocin Chicago, abokiyar hamayyarmu a rukuni ɗaya, Aaron Glenn, wanda ya tsara mana tsaron baya, ya tafi New York Jets, Frank Ragnow kuma, ɗan wasan da ke tsakiyar masu kare Goff, ya yi ritaya. Ritayar Ragnow ta fi damuna, domin Goff mai jifa ne da ke bukatar katanga a gabansa, idan aka matsa masa ta tsakiya jifarsa takan lalace. Duk da haka ina da kyakkyawan zato. Ɗan wasan tsaronmu Aidan Hutchinson ya dawo daga karayar da ya samu a Dallas, Penei Sewell mai kare Goff yana nan daram, kuma na yi imani ƙungiyar za ta sake kaiwa wasannin sili ɗaya ƙwale, ko da ba za ta maimaita 15 ba.

To ta ina zan kalla? A Columbus tashoshin gida Browns da Bengals, ƙungiyoyin jihar Ohio, suka fi nunawa ranar Lahadi. Wasannin da ba na yankinka ba suna cikin wani tsarin kallo na kuɗi mai suna Sunday Ticket, wanda ya koma YouTube a 2023. Na daren Alhamis suna Amazon Prime tun 2022, kuma Lions za ta kara da Dallas a irin wannan dare a Disamba. Na daren Litinin suna ESPN. Wasanmu na ranar Kirsimeti da Minnesota yana Netflix. Mazauna Detroit ana nuna musu waɗannan a tashar gida, mu da neman abinci ya fitar kuwa sai mun biya nan mun biya can, kaka ɗaya an yayyanka ta kamar naman layya.

A kan haka na kira kamfanin da ke ba ni talabijin da intanet a gida, na tambayi wakilinsu dalla-dalla ko tsarin wasanni da suke tallatawa zai ba ni duk wasannin Lions. Ya ce ƙwarai kuwa. Na maimaita tambayar, na ambaci Alhamis, na ambaci Kirsimeti, ya ce in kwantar da hankalina. Na amince, aka ƙara mini kuɗin wata. Da takardar yarjejeniya ta iso na zauna na karanta ƙananan rubutun ƙasa, sai na tarar babu ko ɗaya daga cikin abin da na tambaya, kuma idan na fasa kafin shekara akwai tara. Wannan yaudara ce tsagwaronta, kuma da gangan aka tsara ta, domin an san mai son ƙungiya ba ya tsayawa dogon lissafi idan kaka ta ƙarato. Na sake kira na nemi su saurari muryar da suka ce suna naɗa, aka yi ta miƙa ni daga wannan sashe zuwa wancan har layi ya katse.

Na rubuta wa bankina ƙorafi a kan kuɗin tikitin, na kuma aika wa ofishin kare haƙƙin masu saye na jiha kwafin yarjejeniyar. Ranar 7 ga Satumba za mu buɗe kaka a Green Bay, ɗana ya riga ya manna jadawalin wasanni a jikin firij ya zagaye ranar da jan biro, ni kuwa har yanzu ina bin jadawalin layi-layi ina lissafa wanda za mu gani da wanda sai dai mu saurara a rediyo.