Kilo biyun da aka ƙara bayan biki ba kitse ba ne

Mutum ya cika ciki a biki, washegari ya hau ma'auni ya ga ƙarin kilo 1 ko 2, sai ya ƙudurta yini da yunwa. Yawancin wannan nauyin ruwa ne. Jiki yana adana sitaci (irin na tuwo da shinkafa) da sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram yana riƙe ruwa kamar giram 3. Gishiri ma yana tsare ruwa, ga abincin da bai gama barin hanji ba. Kafin a tara kilo guda na kitse sai an ci rarar kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) kusan 7,700, abin da da wuya cin dare ɗaya ya kai. Cikin 'yan kwanaki nauyin yake sauka da kansa.

Tsallake karin kumallo da abincin rana yakan ƙare ne da yunwa mai tsanani da dare, hannu ya kai ga ragowar soye-soyen da ke firji. Shayin "wanke ciki" kuwa zawo kawai yake sawa, ruwa ya fita, kitse yana nan daram. Ruwan ɗumi da lemon tsami ma ba ya narkar da kitse.

A koma cin abinci a lokutan da aka saba. Rabin faranti kayan lambu, kwata kifi, ƙwai ko wake, kwata sitaci. Mai a auna shi da cokali, kada a tsiyaya daga kwalba, domin babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Bayan an ci, a taka na minti 15. Mai ciwon sukari da ke kan magani kada ya tsallake abinci, sukarinsa na iya faɗuwa.