Kafin ka ɗora hoton Malam Sa'adu a shafinka

'Yan uwana matasa, musamman ku da kuke kiran kanku 'yan gwagwarmaya, ina da magana da ku. Kullum sai na ga an ɗora hoton Malam Sa'adu Zungur a Facebook, a ƙasa kuma an jera zagin wani mai mulki har da iyayensa. Wanda ya yi hakan gani yake ya gaji Malam. Wallahi bai gaje shi ba.

Mutumin nan ɗan gidan malamai ne a Bauchi, ya sha karatun allo da na littattafai kafin ya shiga Kwalejin Katsina. A 1934 ya tafi babbar kwalejin Yaba da ke Legas, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shige ta. Ya koyar da aikin tsafta da kiwon lafiya a Kano da Zariya. Saboda haka in ya zauna da Razdan, da Turancinsa yake kayar da shi, in kuma malamin fada ya jawo aya don ya kare zalunci, Malam Sa'adu ya san ayar da ke gabanta da wadda ke bayanta. Abin da ya sa ake shakkarsa ke nan. Zagi kam, ai ko ɗan tasha ya iya.

Da ciwon huhu ya mayar da shi gida, bai kwanta yana jiran a zo dubiya ba. Shi da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa zaman muhawara a Bauchi tun wajejen 1943, ana baje sha'anin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, a faifai. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, da ya ga ba a ɗauki matsalar Arewa da muhimmanci ba, ya tattara ya dawo. Tunaninsa na cikin abin da ya raini jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950.

Ga inda nake so ku tsaya. Da yawanku kun haddace sunan waƙarsa, "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya", amma mutum nawa suka karanta ta daga farko har ƙarshe? Masu zaton cewa ya yi a rushe sarauta, su koma su duba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna: su gyara, su yi adalci, su buɗe ƙofar ilimi, in ba haka ba abin da ya sami sarakunan Indiya na rasa mulki yana nan tafe. Talakan ma bai ƙyale shi ba, domin a "Waƙar Bidi'a" ya caccaki camfi da al'adun da ke cinye ɗan abin hannunsa. Mu kuwa yau in mutum ya faɗi laifin mutanensa, sai mu ce an saye shi.

Ni ma ban wanke kaina ba. Na yi shekaru ina ambaton sunansa a majalisa kafin wani dattijo ya tambaye ni baiti ɗaya, na yi tsuru-tsuru kamar an tsamo ni daga ruwa. Ranar na nemi waƙoƙin.

Malam ya rasu a 1958, shekara biyu kafin samun 'yancin da ya ƙarar da lafiyarsa a kai, bai kai hamsin ba. Allah Ya jiƙansa da rahama. Yanzu jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau sunansa take amsawa. Ku da kuke karatu a can, ku shiga laburare ku tambayi waƙoƙinsa, ku fara da ta Jamhuriya.