"Baba, Zauna Ka Huta": Ladabin Da Ke Cinye Tsokar Iyayenmu

A gidajenmu na Zazzau, da zarar mutum ya haura sittin kuma Allah ya hore wa 'ya'yansa, sai a karɓe masa fartanya, a jingine kekensa a zaure, a ce wahalarsa ta ƙare. Dattijon da a da yake tuƙa keke daga Tudun Wada zuwa Samaru kullum safiya, yanzu ko buta ba a bari ya ɗauka. Niyyar mai kyau ce, amma ina ganin muna cutar da su ba tare da mun sani ba, kuma dalilin yana cikin yadda Allah ya halicci tsoka.

Jan naman da muke nuna wa mahauci a kasuwar Sabon Gari mu ce a yanko mana zalla, irinsa ne yake motsa jikinmu. Akwai tsoka fiye da 600 da ke manne da ƙasusuwan ɗan Adam, ban da ta zuciya da ke bugawa wajen sau 100,000 a yini, da ta hanji da jijiyoyin jini da ke aikinsu ba da umarninmu ba. Cikin kowane zare na tsoka akwai wasu zarurruka biyu masu matuƙar ƙanƙanta, aktin da mayosin, waɗanda masana a Ingila da Amurka suka bayyana a 1954 cewa suna zamewa ne a kan juna. Idan saƙo ya taso daga ƙwaƙwalwa ya bi ta laka ya iso, sai sinadarin kalsiyam ya kwararo, mayosin ya kama aktin ya jawo shi kamar mai jan guga, tsokar ta tsuke. Ja kawai tsoka ta iya, ba ta turawa, shi ya sa ƙwanji ke lanƙwasa hannu, wata tsokar da ke bayan dantse kuma ta miƙe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne jiki ba ya ciyar da tsokar da ba ta aiki. Duk wanda ya taɓa ganin ƙafar da aka kwance wa ɗauri bayan karaya ya ga yadda take ramewa, haka kuma ƙafar yaron da shan inna ya kashe wa jijiya. Ko da lafiya ƙalau, tun daga shekara 30 tsoka take fara raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan sittin. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna cewa tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafunsu. To, ina ga wanda muka zaunar a kan darduma shekara biyar? Tsokar cinya ce ke tayar da mutum daga tabarma da sujada da ban ɗaki, ita ce ke tare shi idan ya yi tuntuɓe. Tsoka ce kuma ke zuƙe mafi yawan sukarin jini bayan an ci abinci, saboda haka raguwarta ba ƙaramar asara ba ce ga mai ciwon suga.

Na san za a ce akwai masu ciwon gwiwa, da masu hawan jini, da waɗanda faɗuwa ɗaya za ta iya karya musu ƙugu. Gaskiya ne, kuma irin waɗannan likita ne zai tsara musu iyakar abin da za su yi. Akwai masu gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika waɗanda aikinsu ke nan. Sai dai mu sani, raunin ƙafa na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo faɗuwar da muke tsoro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta nemi tsofaffi su ma su riƙa aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

Sai batun abinci. Saboda haƙori ya yi rauni, mun mayar da kunu da koko abincin tsoho safe da yamma, alhali da furotin ake gina tsoka, ga wake da alala da awara da ƙwai da kindirmo duk suna taunuwa cikin sauƙi, kuma ba su kai nama tsada ba.

Ba cewa nake a mayar da Baba huɗa a gona ba. A bar shi ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa, jika na riƙe da shi idan da buƙata, ya ba awakinsa harawa, ya tashi daga kujera ya koma sau goma yana dafe da bango. Inna kuma idan ta ce za ta share tsakar gida ko ta dama furarta da kanta, kada suruka ta yi wuf ta karɓe ludayin.