Ku daina mai da tsofaffin 'yan fim abin ɗorawa a waya

Jiya da daddare aka turo min wani bidiyo a WhatsApp, wallahi har yanzu raina bai dawo daidai ba. Wasu samari ne suka je gidan wani dattijo da ya daɗe yana fitowa a finafinan Hausa, ba zan kama sunansa ba don kar in taya su tona masa asiri. Bawan Allah yana kwance a tabarma ciwo ya cinye shi, magana ma da ƙyar take fita, ɗaya ya saita masa waya a fuska, ɗaya kuma yana zaro kuɗi yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya yadda kyamara za ta ɗauka da kyau, sai cewa yake Baba ɗan yi mana maganar nan taka ta cikin fim mana mu ji. Mutum yana kokawa da numfashi kai kana neman ya yi maka barkwanci. Haba ƙannena, haba.

Na leƙa abin da mutane ke rubutawa a ƙasan bidiyon, nan ma wani takaicin. Wannan ya ce ina kuɗin da ya tara lokacin da yake tashe, wancan ya ce dama ƙarshen ɗan fim kenan, wata kuma dariya kawai ta jera. Yaran da aka haifa jiya-jiya, mutumin nan yana gaban kyamara tun iyayenku ba su yi aure ba.

To bari in tambaye ku, wane kuɗi? Kun san yadda harkar take kuwa? Tun daga fim ɗin Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, har zamanin da kaset da sidi suka cika Bata da Ƙofar Wambai, ɗan wasa sau ɗaya ake sallamarsa. An gama ɗaukar sin ɗinka, furodusa ya damƙa maka abin da ya sawwaƙa, shi kenan an rabu, ko fim ɗin ya yi shekara 20 ana kallonsa ba ka da sisi a ciki. Wani lokacin ma sai an jima ne, sai fim ya fita kasuwa, sai 'yan kasuwa sun biya, har maganar ta bi ruwa. Ga masu satar fasaha suna bugawa ba izini, daga baya 'yan tura finafinai a waya suka zo suka ƙarasa kashe kasuwar sidi, aka koma YouTube da masu dogon zango. Babu fansho, babu giratuti, babu wani tsarin asibiti. Ba ku manta ba ai, a 2022 Mama Ladin Cima ta yi hira da BBC Hausa ta ce dubu 2 zuwa dubu 5 ake ba ta in ta yi aiki, wasu masu shirya fim suka musa, aka yi ta cece-kuce har aka gaji. Ko wa ke da gaskiya a ciki, maganar ta nuna muku cewa fuskar da kowa ya sani ba ita ce aljihu ba. Suna daban, samu daban. Mutum zai shiga kasuwa yara su bi shi suna ihu, ya dawo gida bai san me za a ɗora a murhu ba, kuma saboda an san shi ko acaɓa ba zai iya hawa cikin kwanciyar hankali ba sai an ce wane ya karye.

Wannan mutumin ne za ku je ku ɗauka a waya yana kwance. In taimako ne ku taimaka mana, wa ya hana? Amma taimakon da sai an kunna kyamara kafin hannu ya shiga aljihu, wannan ciniki ne, kun sayi mutuncin dattijo da 'yan canji kun sayar wa TikTok, mabiya sun ƙaru, shi kuma iyalinsa su kwana da kunya. Yana da 'ya'ya mata a gidajen miji fa, yana da surukai, yana da jikoki a makaranta da za a nuna musu bidiyon a tsokane su. Kun taɓa tunanin wannan? An ce hannun dama ya bayar hagu bai sani ba, ku kuma duniya kaf sai ta sani har da kiɗa a ƙasan bidiyon.

Su ma masu kuɗin da ke zuba wa mawaƙa kuɗi a wajen biki har a tattaka, in aka ce tsohon ɗan wasa na asibiti sai su yi kunnen uwar shegu, sai ranar da ya rasu ka ga an cika Facebook da hotonsa ana Allah ya jiƙan gwarzo. Ba kuka nake ba, amma abin da ciwo. Wasu cikin matasan jaruman ma haka, a lokeshin tsoho na tsaye yaro na zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana latsa waya, wai shi ne mai tashe. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wa ya kai Ahmad S. Nuhu tashe a lokacinsa? Ranar 1 ga Janairun 2007 hatsarin mota ya ɗauke shi yana tsakiyar ƙuruciya. Rabilu Musa Ibro fa, wanda ya bar aikin gandiroba ya zo ya riƙe barkwancin Hausa shi kaɗai kusan, har gidan yari aka kai shi a 2008 kan harkar fim ɗin nan, ya rasu a Disambar 2014. Ba wanda ya san ta ina za ta ɓullo masa, in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa, ba ka ɗauko waya ba.

Ni abin da ke ƙara ba ni haushi shi ne mun taso mun ga yadda ake girmama mutanen nan. Lokacin Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, tsohon soja ne na gaske ya zo yana wasan bariki a rediyo da talabijin a Kaduna, in lokacin shirin ya yi unguwa tsit take, a taru gidan mai talabijin yara a ƙasa manya a kujera. Kasimu Yero da ya rasu a 2017, in ya buɗe baki Hausa kake ji tsantsa, ka koyi karin magana ba ka sani ba. Mutanen nan ba don kuɗi suka shiga ba don babu kuɗin ma a lokacin, yawancinsu suna da aikinsu na albashi, wasan sha'awa ce da son faɗakarwa. Kuma in ka gamu da ɗayansu a hanya durƙusawa kake ka ce Baba ina wuni, ba ka ja rigarsa kana cewa tsaya mu yi hoto ba. Samanja ya rasu a Nuwambar 2023, da yawa cikin masu wannan ɗauke-ɗauken ko sunansa ba su taɓa ji ba, amma su ne masu bakin cewa ƙarshen ɗan fim kenan.

Ina tarbiyyar ta tafi ne wai? Da, ko maƙiyinka ne ya kwanta ciwo in ka je dubiya murya ƙasa-ƙasa kake, ka yi sannu, ka yi addu'a, in da abin da ka riƙo ka tura ƙarƙashin matashi ka fita ba wanda ya gani. Yanzu asibiti waya, gidan rasuwa waya, maƙabarta ma waya, ana saka mutum a kabari wani yana gyara tsayuwa don ya fito da kyau. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma wannan ai ba ya buƙatar hawa rimi, kunya kawai ake nema.

Dan Allah ƙannena ku yi wa kanku faɗa. In an turo muku irin bidiyon nan kar ku tura gaba, in abokinka ne ke yi ka ja shi gefe ka gaya masa gaskiya. Su ma shugabannin MOPPAN, wato ƙungiyar masu sana'ar fim, da manyan industiri ya kamata su zauna su duba yadda za a rufa wa dattawan nan asiri tun kafin a kai ga yawo da lambar akawun a intanet, yadda za a yi su suka fi ni sani. Masu gidajen kuma ku daina buɗe wa duk wanda ya zo da waya ƙofa don ya ce ya kawo taimako, ku tambaye shi tukun, da kyamara ko babu? In ya ce da kyamara ku ce Baba yana barci.