Gidan tuwon Koriya: inda direbobin tasi ke ci, can ne abincin yake

Yawancin 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kawo Koriya ta Kudu, in ana maganar abinci wuri biyu suka sani: kicin ɗin ɗakinsu, sai unguwar Itaewon, kewayen babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, inda ake samun gasasshen naman Turkawa da shinkafar Pakistan. Ba laifi, ai kowa da abin da ya saba. Amma a ganina wanda bai taɓa zama a ƙaramin shagon baekban ba, wato inda ake sayar da shinkafa da miya da ƙananan kwanukan haɗi, ko gisa sikdang na direbobin tasi, to bai san abin da Bakoriye ke ci kullum ba, ko da ya shekara biyar a ƙasar. Kuma mu da muka tashi muna cin tuwo a rumfar bakin tasha, mun fi kowa dacewa mu gane irin wannan wuri.

Alamunsa ba su da wuyar ganewa. Tebur shida ko takwas, talabijin a saƙale a bango, tsohuwa ɗaya a kicin, ɗaya tana kai da kawo. Sunayen abinci a rubuce a bango, da wuya su wuce goma, kowanne da farashinsa a gefe, galibi won (kuɗin ƙasar) 8,000 zuwa 10,000. In ka ga shago ya jera kala hamsin da hotuna masu sheƙi, wuce abinka, don tukunya ɗaya ba ta iya wannan sai da taimakon firiza. Dokar da muka sani a gida ita ce a nan ma: inda direbobi suka yi cincirindo, abincin sabo ne, saboda ba ya kwana.

Kana zama ba wanda zai kawo maka cokali. Yana cikin aljihun tebur ta gefe, tare da tsinkayen ƙarfe da takardar goge hannu. Ruwa kai za ka ɗebo wa kanka. In kana son magana sai ka ɗaga murya ka ce "jeogiyo", ko ka kira matar "imo", yadda za ka ce Inna ko Hajiya. Kafin miya ta iso za a jera maka ƙananan kwanuka huɗu zuwa bakwai, su ne banchan: kimchi (kabeji mai tsami da yaji), tsiron wake da man riɗi, alayyafo da tafarnuwa, ƙananan busassun kifi da aka soya da zaƙi-zaƙi, wani lokaci awara da aka dafa a ruwan waken soya mai gishiri. Waɗannan kyauta ne, in sun ƙare ka ce a ƙara. Shinkafa kuwa tana zuwa a kwanon ƙarfe mai murfi, abin da bai wuce giram 200 da 'yan kai ba, ƙari kuma won 1,000 ne a yawancin shaguna. Girman kwanon ba haka kawai ya zo ba, hukuma ce ta ƙayyade shi a shekarun 1970 lokacin da shinkafa ke ƙaranci, ya kuma zauna har yau. Bahaushe mai jin yunwa kwano biyu zai yi, kada ya ji kunya.

A nan bambancin yake. A wurinmu malmalar tuwo ce uwa, miya ɗaya ce, nama kuma a ƙirga ake sa shi, yanka nawa kake so. A can shinkafar ba gishiri ba mai, aikinta kawai ta kwantar da gishiri da tsami da yajin sauran kwanukan. Wanda ya juye komai a kan shinkafa ya cakuɗa kamar dafa-duka, ko ya ci kimchi zalla cokali-cokali, shi ne zai fito yana cewa abincinsu gishiri ne kawai. Loma ɗaya ta shinkafa, ɗan abu kaɗan daga kwano ɗaya, kurɓi ɗaya na miya, haka ake zagayawa. Kwanon ba a ɗaga shi zuwa baki, kuma ba a soke tsinke a tsaye cikin shinkafa, don wannan yana tuna musu da abincin da ake ajiye wa mamata.

Miyar da ya kamata a fara da ita ita ce doenjang jjigae, kuma hancin da ya san daddawa ba zai yi baƙunta ba. Waken soya ake dafawa har ya yi lugub, a kirɓa, a yi shi curi-curi kamar tubali, a rataye da karan shinkafa ya bushe yana ruɓa a hankali, sannan a jiƙa a ruwan gishiri cikin manyan randunan ƙasa kimanin kwana 40 zuwa 60. Ruwan ya zama ganjang, wato ruwan waken soya mai gishiri, tukar kuma a ci gaba da ajiye ta watanni ta zama doenjang. Akwai ƙanwarta cheonggukjang da ake rufewa kwana biyu zuwa uku kacal a wuri mai ɗumi, ita ce ta fi kusa da daddawar kalwa, har ƙwayar bakteriyar da ke ruɓar da su iri ɗaya ce. Warinta na korar baƙi da yawa, har da wasu yaran Koriya. Mu kam sai dai mu ce a ƙaro shinkafa. Ana kawo miyar a ƙaramar tukunyar ƙasa tana tafarfasa, kuma tukunyar na riƙe zafi mintuna da dama, don haka a ɗiba a cokali a hura, in ba haka ba harshe zai kwana biyu bai san ɗanɗano ba.

Sai babbar matsala, wadda ita ce ainihin abin da ke hana mutanenmu shiga: alade. Gaskiya ce, yana ko'ina, har inda ba a zato. Kimchi jjigae, wato miyar kimchi, asalinta da naman alade ake yi, sai an nemi ta kifin gwangwani, chamchi, kuma a tabbatar ba daga tukunya ɗaya aka ɗebo ba. Kimbap, shinkafar da ake naɗewa a ganyen teku, yawanci da siririn yankan alade a ciki. Sundae hanjin alade ne da aka cusa wa jini. Miyar budae jjigae da ta gamjatang kuwa kada ma a tambaya, da alade ake yin su. Cewa "ban da nama" ba ta wadatarwa, don masu shago da yawa ba sa lissafa romo ko naman gwangwani a matsayin nama. A tambaya kai tsaye: "dwaeji-gogi deureogayo?", wato akwai naman alade a ciki?, sannan a tambayi da me aka yi romon. In aka ce myeolchi, busasshen kifi ne da ganyen teku. Mai tsantseni ya kuma san cewa ana zuba giyar girki a wasu soye-soye, wasu nau'o'in gochujang (kwaɓin jan barkono) na kamfani ma akwai 'yar barasa a cikinsu. Naman sa da kaza kuwa galibi ba yankan Musulmi ba ne, wannan kowa ya san matsayinsa.

Mafita mafi sauƙi ita ce shagon gasasshen kifi. A kusa da kasuwar Dongdaemun da ke Seoul akwai lungu guda da sana'arsu kenan, ana gasa godeungeo, wanda muke kira titus a gida, a bakin ƙofa hayaƙi na tashi. Kifi guda, shinkafa, miya da banchan, ka tashi ka ƙoshi. Kimchi ɗin kansa da jatan lande mai gishiri ko ruwan kifi ake haɗa shi, ba da nama ba.

Abu biyu nake ganin sun fi mu, kuma ba kuɗi suke ci ba. Na farko, doka ta tilasta kowane gidan abinci ya manna allo da ke nuna daga wace ƙasa shinkafa da nama da kimchi suka fito. Wannan allon ma yana taimakon Musulmi, don in akwai alade a kicin galibi sunansa zai bayyana a jiki. Na biyu, haramun ne a bisa doka a mayar da ragowar banchan na wani tebur zuwa wani, shi ya sa a wasu shaguna za ka ga ana juye ragowar wuri ɗaya a gaban idonka. Ko farashin nan da suke rubutawa abin koyi ne: mai tuwo a Sabon Gari ko Damagaram za ta iya rubuta farashi a bango gobe da safe ba tare da ta kashe ko sisi ba, rigimar "nawa na ci?" ta ƙare.

Mu kuma mun fi su sakin jiki. A can daga ƙarfe 11:30 zuwa 1:00 na rana ma'aikatan ofis ke cika wuri, minti ashirin an gama an tashi, ba hira, kuma wanda ya zo shi kaɗai a wannan lokaci ana iya ce masa ba wuri, ko a ce abincin da ya zaɓa sai na mutum biyu ake yi. Da yawa suna rufewa daga 3:00 zuwa 5:00 na yamma. Mai zuwa shi kaɗai ya bari sai wajen 1:30. In shagon na dafa shinkafa a tukunyar dutse, a kwashe ta a kwano, a zuba ruwan zafi kan ƙanzon a rufe, a sha shi a ƙarshe. Kuɗi a kanta ake biya wajen fita, da kati ko tsaba, ba a barin tukwici a kan tebur, in ka bari ma za a biyo ka da shi har titi.